Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Damagaram: hannun yaranmu ya iya, takarda ce babu

Zuwa ga Mai girma Gwamnan Jihar Damagaram, da shugabannin ma'aikatun jiha masu kula da koyar da sana'a da samar wa matasa aikin yi, tare da gaisuwar ban girma ga fadar Mai martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamaninsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya tallafa muku kan nauyin da ke wuyanku. Ni mai walda ne a unguwar Zango, shekarata 26 a gaban wuta da ƙarfe. Ban taɓa rubuta wa hukuma wasiƙa ba, in ba ta neman rangwamen haraji ba. Wannan ma ba tawa ce ni kaɗai ba. Mun zauna ne bayan sallar Isha'i, masu walda da kafintoci da makanikai da masu gyaran firji da masu aikin famfo da na lantarki, tare da wasu iyaye da abin ya taɓa, muka yi ta magana har dare ya raba. Da aka zo kan wanda zai rubuta, sai aka nuna ni, don ni ne na ɗan zauna a kwaleji har na ɗauki BEPC. In lafazina ya yi kauri a wani wuri, a yi mini uzuri. Wanda ya saba da guduma ba ya iya taɓa abu a hankali.

Abin da ya tashe mu wata magana ce da ta cika fadodin samari, tun daga Birni har Garin Malam da Kara-Kara. A da, in saurayi ya ce zai fita, mun san inda ya dosa: Kano, Agadas, Tamanrasat, Sabha ko Abijan. Yanzu kuwa ana zaune ana shan shayi, sai ka ji yaron da bai taɓa zuwa Yamai ba yana bayanin cewa in ka tafi Kanada ka karanta walda shekara biyu, sai su ba ka takardar zama har mutuwa. Wani ya ce a Jamus ma biyanka ake yi kana koyo. Wani ya ce Ostireliya birkiloli take nema ido rufe. Daga ina suka ji? Daga saƙon murya a WhatsApp, da bidiyon TikTok na wani da ke tsaye cikin dusar ƙanƙara yana cewa a tuntuɓe shi ta ɓoye. Rani biyu ke nan wannan magana tana yawo, ana sayar da gonaki da bisashe a kanta, amma ba mu ji wani biro ko wani jami'i ya fito a rediyo ya ce wa jama'a ga gaskiyar ciki, ga ƙaryar ciki ba.

Kuma akwai gaskiya a ciki, abin da ya sa ƙaryar ke cin kasuwa ke nan. Bayan abin da ya same mu a gida, wanda zan zo kansa, na zauna da wani malamin makaranta maƙwabcina muka yi ta karanta dokokin ƙasashen nan daga shafukan gwamnatocinsu. Jamus tana da tsarin da suke kira Ausbildung: saurayi ya ɗauki yarjejeniya da kamfani, wasu kwanaki yana wurin aiki, wasu yana aji, tsawon shekara 2 zuwa 3 da rabi, kuma ana biyansa. Mafi ƙarancin abin da doka ta yanka wa wanda ya fara a 2025 shi ne yuro 682 a wata, wajen jika 447 na sefa. Tun 1 ga Maris 2020 suka kafa dokar shigo da masu sana'a daga wajen Turai, suka ƙara faɗaɗa ta a 2023 da 2024. Wanda ya gama koyon a can, ya yi shekara 2 yana aiki da sana'ar yana biyan kuɗin fansho, yana iya neman takardar zaman dindindin. Wannan ba tatsuniya ba ce. Sai dai kafin ya taka ƙafarsa ana so ya ji Jamusanci, galibi matsakaicin matakin da ake kira B1, kuma in albashin bai kai abin da hukumarsu ta ƙiyasta zai riƙe mutum ba, sai ya nuna cikon a asusu. Wannan ɓangaren ne mai bidiyo ba ya faɗa.

Kanada kuwa, tun 2013 take da ƙofa ta musamman ga masu sana'ar hannu. Sharaɗinta, mutum ya tabbatar ya yi aikin shekara 2 cikin shekara 5 da suka wuce, ya ci jarrabawar harshe, sannan ko ya samu kamfanin da zai ɗauke shi, ko wani lardinsu ya ba shi shaidar ƙwarewa. Tun 2023 ma suna ware zaɓe daban ga masu jin Faransanci sosai, abin da ya kamata a ce riba ce ga ɗan Nijar. Amma ta hanyar karatu, ƙofar ta matse. A Janairun 2024 suka ƙayyade yawan ɗaliban waje, suka ɗaga kuɗin da ɗalibi zai nuna na ci da kwana daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, sannan a Satumbar 2025 ya koma 22,895. Da kuɗinmu ya haura sefa miliyan 9, ban da kuɗin makaranta, ban da jirgi. Ranka ya daɗe, mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Mai wannan albashi sai ya shekara 18 bai ci ba bai sha ba kafin ya tara abin nunawa kawai. Daga Nuwambar 2024 kuma, ba kowane karatun kwaleji ne ke bai wa mutum izinin aiki bayan ya gama ba, sai fannin da suka lissafa. Yawan waɗanda suke bai wa zaman dindindin ma sun rage shi, daga 500,000 da suka tsara wa shekarar 2025 zuwa 395,000.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na lardin Kebek na Kanada, don shi yaranmu suka fi ambata saboda Faransanci. Akwai wani tsari mai suna PEQ da ya daɗe yana bai wa wanda ya gama karatun sana'a na awa 1,800 hanyar zama cikin sauƙi, kuma karatun walda a can awa 1,800 ne cif. A ƙarshen Oktoban 2024 aka dakatar da ɓangaren ɗalibai, a Nuwambar 2025 aka sanar da rufe tsarin. Mutanen da suka sayar da abin hannunsu suka tafi da wannan lissafi, suna tsakiyar karatu aka sauya musu doka. Waɗannan ma su ne suka bi hanya ta gaskiya. Makaranta tana sayar da karatu ne, takardar zama kuwa ta gwamnati ce, kuma gwamnati tana sauya ra'ayi in zaɓe ya matso ko kuɗin haya ya tashi. Duk wanda ya ce maka yana da tabbacin zama a aljihunsa, ko bai sani ba ne, ko ya sani yana so ya ci kuɗinka.

Yanzu bari in faɗi namu. Ɗan yayata shekara 7 yana hannuna. Ya zo mini yana ɗan shekara 15, yana share tartsatsin ƙarfe yana miƙo mini sanda, har ya kai in na tafi jana'iza ko biki sai in bar masa shagon da zuciya ɗaya. Ɗinkin waldarsa a kan tankin ruwa ya fi nawa kyau, ba na jin kunyar faɗa. Wani mutum da ya ce yana da biro a wata ƙasa maƙwabciya ya same shi ta waya, ya turo masa hotunan makaranta da na ɗalibai sanye da hular walda, ya ce akwai gurbi uku da suka rage. Aka fara da jika 150 na buɗe dosiye. Sai na fassarar takardu. Sai na ajiyar gurbi. Sai na wani lauya. Uwarsa ta sayar da saniyarta da rabon gonar da ta gada wajen Mirya, ni ma na sa abin da nake tarawa don sayen janareta, tun da wutar lantarkinmu kun san halinta. Kafin mu farga, miliyan 2 da jika 300 sun tafi, duk ta hanyar aika kuɗi ta waya, kashi-kashi, ga sunaye daban-daban.

An turo masa takardar shiga makaranta mai tambari, har muka yi walima ƙarama. Amsar da ta dawo daga hukumar shige da fice ta Kanada ita ce takardar jabu ce. Tun Disambar 2023 suke tambayar makarantu kai tsaye kan kowace takardar shiga, bayan abin da ya faru da ɗaliban Indiya masu yawa a shekarar, waɗanda wani dillali a garin Jalandhar ya ba su takardun ƙarya, wasu har sun gama karatu suna neman zaman dindindin kafin asirin ya tonu. A dokarsu, wanda ya shigar da takardar ƙarya ana hana shi shiga ƙasar shekara 5, ko da wani ne ya cika masa. Yaron da bai san komai ba shi ne yanzu ke ɗauke da tambarin maƙaryaci. Lambar mutumin ta mutu a ranar. Daga baya na gano cewa kuɗin da Kanada ke karɓa na neman izinin karatu dala 150 ne, da 85 na ɗaukar hoton yatsu, duka bai kai jika 100 ba. Na gano cewa jerin makarantun da aka amince da su yana nan a intanet kyauta, kuma ba wanda dokarsu ta yarda ya karɓi kuɗi don ba da shawarar shige da fice sai lauya, ko notaren Kebek, ko mai lasisin da kowa zai iya duba sunansa. Bayanin minti biyar ne. Da akwai teburi ɗaya a Damagaram da za mu je mu tambaya, da saniyar yayata tana nan a turke.

Wannan shi ne kukanmu na farko, kuma ba sai na ja shi ba: babu wurin tambaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shirun hukuma shi ne tsagar.

Na biyu ya fi wannan zurfi, don ko babu macuci ko ɗaya a duniya yana nan. Yaranmu sun iya aiki, amma ba su da abin nunawa. Damagaram ba baƙuwar sana'a ba ce. Maƙeranta sun ƙera igwa a zamanin Sarki Tanimun, majemanta da dukawanta sun kai fatarmu kasuwannin da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Amma hanyar koyonmu har gobe ita ce ta kakanni: uba ya kamo hannun ɗansa ya kawo maka, ya ce ga shi nan, amana, a yi fatiha, shi ke nan. Ba a rubuta ranar da ya fara, ba a rubuta abin da ya iya a shekara ta biyu, ranar da za a yaye shi kuma addu'a ce da ɗan kayan aiki in maigida na da hali. A cikin gari wannan ya isa, don kowa ya san yaron wane ne. Da zarar ya wuce Tanut ko Matamai, shekara bakwai ɗinsa sun zama labari. Ita Kanada da ke neman shaidar aikin shekara 2, takardar maigida take so mai kwanan wata da awoyin aiki da albashi, da abin da zai gaskata ta. Mu kuwa kuɗin abinci muke miƙa wa yaro da hannu in an tashi. Nawa ne cikinmu suka yi wa yaransu rajista a asusun fansho da kariyar ma'aikata na CNSS? A zamanmu na daren nan, da aka yi tambayar, kowa ƙasa ya duba, har da ni. Wannan laifin namu ne masu shaguna, ba mu ɗora wa kowa ba.

Sai dai gyaran ya fi ƙarfinmu mu kaɗai. Ƙasa tana da makarantun sana'a, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a garuruwa, akwai kwalejojin fasaha na CET, akwai masu fita da difilom ɗin CAP da BEP, kuma muna yabawa. Amma yaron da ya koya a bakin titi, wanda su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, ina zai je a gwada shi a ba shi shaida? Na sha karɓar ɗaliban makarantar sana'a da aka turo su koyon aiki a shagona. Suna zuwa da littafi cike da zane, wasu ba su taɓa riƙe kan walda na awa guda ba saboda ƙarancin kayan aiki, sai yaron shago ya koya musu. Bayan wata uku mai littafi ya tafi da difilom, wanda ya koya masa ya ci gaba da zama ba shi da ko ƙyalle. Ba hassada nake yi wa mai difilom ba, shi ma ɗanmu ne. Ina cewa ne an raba abu ɗaya gida biyu, takarda a nan, hannu a can, kuma waje ba ta karɓar ɗaya sai da ɗayan.

Kada a ɗauka wannan maganar masu son fita ce kawai. Matatar mai ta SORAZ tana nan arewa da mu tun 2011, ga bututun da ya tashi daga Agadem har gaɓar teku a Binin, kusan kilomita 2,000. Irin waɗannan ayyuka a ko'ina cikin duniya ba sa ɗaukar mai waldar bututu sai da shaidar gwaji. Na taɓa kai yara huɗu neman aiki wurin wani kamfani da ya zo yin babban gini, aka tambaye su takarda, babu, aka ɗauke su a matsayin leburori suna ɗauko wa wasu ƙarfe. Takardar da za ta buɗe wa yaro ƙofar Jamus ita ce dai za ta hana shi zama lebura a garin ubansa.

Na uku, harshe da nisa. Muna alfahari da cewa tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, ga shi ma da ita nake rubuto muku. Amma mai duba dosiye a Otawa sakamakon jarrabawar Faransanci ta TEF ko TCF yake nema, wanda ke mutuwa bayan shekara 2, kuma Faransancin yaron shago na cinikin ƙofa da taga ne, ba na jarrabawa ba. Jamusanci kuwa, a ina za a koye shi a Damagaram? Cibiyoyin Goethe da ke ba da shaidar da aka sani suna Lome da Legas da Akara da Abijan. Akwai ɗan wani abokina da ya bi wannan hanya, yana da BAC, ya je Lome ya kusa shekara a ɗakin haya yana karatu, ya faɗi jarrabawar sau ɗaya, ya sake, yanzu yana koyon aikin famfo da ɗumama gida a wani ƙaramin gari a Jamus. Yana kira yana kukan sanyi da kaɗaici da tsadar ɗaki, amma yana kan hanya ta gaskiya, bizarsa ma yuro 75 ya biya. Ubansa ɗan kasuwa ne mai hali. Ɗan mai kabu-kabu fa? Kowace takarda mai nauyi kuma sai ta bi ta Yamai, kilomita wajen 900, kuɗin mota da na masauki da kwanakin da shago ke rufe. Tun da ofishin jakadancin Faransa ya rufe a farkon 2024, masu neman can ma sai sun ƙetara wata ƙasa. Duk inda hanya ta yi tsawo haka, mai cewa kawo in yi maka daga nan shi ke samun ciniki.

Na huɗu gajere ne: macutan nan ba sa tsoron komai. Wanda aka cuta kunya ke rufe masa baki, don gari zai ce kwaɗayi ya kai shi. Da na je kai ƙara wani wuri, tambayar farko da aka yi mini ita ce wa ya aike ku. A zamanmu kaɗai an ƙirga gida biyar da aka yi wa irin wannan, ba wanda ya kai maganar gaba sai ni, ni ma na gaji na bari.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa a zaman namu, kuma wani dattijon kafinta ne ya faɗa da zafi. Ya ce don me hukuma za ta share wa gwanayenmu hanyar tafiya su gina ƙasar wasu, alhali mu ma muna neman mai gyara mana famfo a garin da ruwa ya zama abin nema? Maganarsa tana da nauyi. Ni kaina in yaron nan ya tafi, rabin shagona ya tafi. Ƙasashen nan ba sadaka suke yi ba, tsofaffinsu sun yi yawa, matasansu sun guji aikin hannu, suna neman wanda wata uwa ta riga ta raina ta ciyar. Amma na ce masa, Baba, hana su bayani bai taɓa hana su tafiya ba. Abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Mu mutanen wannan jiha ba mu manta Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Har yanzu ana zubo mutanenmu a bakin iyaka, su taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka. Tafiya dai ana yin ta. Tambayar ita ce ko yaro zai tafi da sana'a da takarda da haƙƙin da zai kai ƙara in an cuce shi, ko zai tafi a bayan mota riƙe da jarka. Kuma na lura da wani abu: wanda ke da takardar zama shi ne ke iya zuwa gida duk shekara, ya gina ɗaki, ya kawo injin. Marar takarda shi ne ke shekara goma ba a ga fuskarsa ba, ko uwarsa ta rasu, don in ya fito ba ya komawa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A buɗe teburin bayani a reshen hukumar samar da aikin yi ta ANPE na nan Damagaram, da mutum ɗaya ko biyu da aikinsu ke nan: su san dokokin ƙasashen nan, su bi sauyinsu, su duba wa mutum takardar makaranta ko ta kamfani kafin ya biya ko dala. Kyauta, ko da ɗan kuɗi kaɗan mai rasit. Kuma kada bayanin ya tsaya a biro, don yayata ba ta shiga biro. A sa shi a gidajen rediyon jiha da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci, ko sau ɗaya a wata, a faɗi kuɗin gaskiya, a faɗi ƙofar da ta rufe. A faɗa wa mutane cewa gurbin koyon sana'a a Maroko ko Aljeriya abu ne mai kyau amma karatu ne a dawo, aikin ƙasashen Larabawa na Gabas kuma kwangila ce mai ƙarewa, kada dillali ya haɗa musu duka a ƙwarya ɗaya.

Babban roƙonmu shi ne jarrabawar hannu. A haɗa ma'aikatar koyar da sana'a da asusun tallafa wa koyon sana'a na FAFPA da majalisar masu sana'ar hannu ta CMANI, a sa rana ko sau biyu a shekara, a nan garin, duk wanda ya yi shekara uku ko fiye a shago ya zo a ba shi ƙarfe ko katako ko injin da ya lalace, a tsaya a kansa ya yi. In ya ci, a ba shi shaida ta ƙasa mai lamba da za a iya bincika. Wanda bai iya karatu sosai ba a yi masa tambayoyin da baki. Tare da wannan a fito da littafin aparanti, wanda maigida da uba za su sa hannu ranar da aka kawo yaro, ana cika shi duk wata shida. Mu masu shaguna mun yi alkawari a zamanmu za mu riƙe shi, kuma in aka sauƙaƙa mana rajistar CNSS yadda ƙaramin shago zai iya ɗauka, za mu shiga. Shagunanmu da injinanmu ma mun ba da aron su ranar jarrabawa in kayan makaranta ba su isa ba.

Duk mai karɓar kuɗin mutane da sunan kai su karatu ko aiki waje, a tilasta masa rajista da adireshi da jingina, a kafe sunayen masu rajista inda kowa zai gani. A ba jami'an tsaro umarni su karɓi irin wannan ƙara da mutunci. Kuɗin da muka aika ta waya ya bar sawu, akwai suna da lambar katin wanda ya karɓa a kowane kashi, rasit ɗin suna nan a aljihuna cikin leda.

A yi magana da Jami'ar André Salifou ko za ta buɗe ajin dare na Faransancin jarrabawa da Turanci da Jamusanci ga masu sana'a, maza da mata, don ƴan matanmu masu karatun jinya su ma dillalan sun fara kewaya su. In an samu masu koyo da yawa, kawo mai jarrabawa ɗaya Damagaram ya fi sauƙi a kan tura yara talatin Lome.

Akwai abin da muka san ya wuce ikon jiha, sai dai ku kai mana shi Yamai. Kenya ta sa hannu da Jamus kan yarjejeniyar ma'aikata a Satumbar 2024, Indiya ta riga ta tun 2022. In ƙasarmu za ta yi irin wannan da kowace ƙasa ce, a yi ta da ido buɗe: mai son gwanayenmu ya sa hannu a horar da su a nan, ya kawo injina makarantunmu, a horar da goma in biyu za su tafi. Ta haka ne kawai dattijon kafintan nan zai samu amsar da za ta kwantar masa da rai.

Ga fadar Mai martaba kuma, muna roƙon a sa baki. In sarakunan sana'a da masu unguwanni da limaman Juma'a suka ce kada wanda ya sayar da gona don biza sai ya kai takardar an duba, za a ji fiye da yadda za a ji daga bakina.

Ɗan yayata ya dawo bakin aiki. Ba ya yawan magana yanzu, ya bar zuwa fada, in an tashi sai ya zauna da tsohon littafin Faransancina na kwaleji. Ya ce in shekara biyar ɗin sun cika zai sake nema da hannunsa, in kuma kafin nan an fara jarrabawar da muke roƙo, shi ne zai fara rubuta suna. Idan Mai girma Gwamna ko wakilinsa zai samu sarari, muna nan Zango kowace rana ban da Juma'a, daga ƙarfe 8 na safe har wuta ta ɗauke. A zo da kowane irin ƙarfe, a ba yaron, a tsaya a gani.

Allah ya ba ku ikon dubawa, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
wani mai walda a unguwar Zango, a madadin masu sana'ar hannu da iyayen yaran shago na birnin Damagaram.